Watannin da Nélida Ta Tafi Jinya

Mu uku ne muke aiki a tsohon gidan nan na layin Mendoza, a birnin Rosario. Osvaldo Kreimer yana ɗakin gaba mai manyan tagogi, Nélida Brambilla tana na tsakiya, ni kuma ina na ƙurya kusa da kicin, inda duk wanda ya zo wurina sai ya sha ƙamshin abin da aka ɗumama da rana. Aikinmu ɗaya ne. Mutum ya zo da abin da ke cin ransa, ya zauna, mu yi ta magana mako bayan mako har Allah ya kawo sauƙi. A garin nan ba abin ɓoyo ba ne. Mahaucin unguwarmu ma yakan ce ka dawo da yamma, yanzu zai je wurin mai sauraronsa.

Hanyar da kowannenmu ya biyo kuwa daban ce. Osvaldo, wanda muke kira Tsoho, ya haura saba'in. A tsohon tsari aka koya masa aikin: majinyaci ya kwanta a doguwar kujera, likita ya zauna a bayan kansa, ba a ganin fuskarsa, ba ya cewa uffan sai can ba a rasa ba. A zamanin mulkin soja ya gudu Meziko da akwati ɗaya, 'yan gudun hijira irinsa suka riƙa zuwa wurinsa. Wata rana wata mata tana ba shi labarin ƙaninta da aka ɗauke ba a sake ganinsa ba, sai ta waiwayo ta same shi yana hawaye, domin shi ma an ɗauke nasa. Ya ɗauka ya ɓata aikin ke nan. Matar ta tashi zaune, ta fuskance shi, ranar ta faɗi abin da ta yi shekara tana kewayewa. Tun daga lokacin ya juya kujerarsa, yana kallon mutum, mutum yana kallonsa.

Nélida ungozoma ce a ƙauyukan Chaco kafin ta koma makaranta tana da shekara arba'in. Takan ce ba ita ke naƙudar ba, amma ƙarya ne ta ce ba ta cikin ɗakin, tunda in hannunta ya yi sanyi mai haihuwa za ta ji. Ni kuwa, Ceferino Almada, da suke kira Dogo, alƙalin wasan ƙwallo ne a ƙananan filaye har gwiwata ta gaza. Abin da na fito da shi daga can shi ne, mutum yana iya zaginka da dukan ƙarfinsa alhali ba da kai yake ba.

Abin da ya haɗa mu gida ɗaya shi ne mun yarda mutum biyu ne a ɗakin, ba mara lafiya da bango ba. Yadda mutum ya saba yi da matarsa ko ubansa, ko ba jima ko ba daɗe zai yi shi da kai, kai ma za ka ji wani abu a ranka, kuma a nan wurin ne ake samun abin gyarawa. Saboda haka duk ranar Alhamis da rana mukan rufe ƙofar waje, mu zauna a kicin da empanada, wato soyayyen fulawa mai nama a ciki, daga shagon kusurwa, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa, kowa ya kawo wanda ya tsaya masa a rai.

A wata Alhamis ta watan Afrilu, sanyi ya fara shigowa, Nélida ta karɓi ƙoƙon ta riƙe ba ta sha ba.

"Ƙarin nan na wuyana, an gwada. Ciwon daji ne," in ji ta. "Za a yi aiki, sannan a bi wurin da gashin na'ura. Sun ce ana warkewa, amma zan yi wata uku ko huɗu ban zo ba. Tsoho, kar ka yi min wannan fuskar."

"Fuskata ce, da ita aka haife ni," in ji Osvaldo. Ya miƙa hannu ya dafa nata.

Da muka ɗan natsu, ita da kanta ta kawo maganar mutanenta. Me za ta gaya musu? Osvaldo ya ce ta gaya wa kowa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, amma kada ta yi wa kowa ƙarya, domin za su ga tabon in ta dawo. Ta ce haka ita ma ta yanke. Duk ta san yadda za ta yi da su, sai mutum ɗaya.

"Kyaftin," ni da Osvaldo muka faɗa tare.

Eusebio Ferreyra ke nan. Ba shi ne ainihin sunansa ba, shi ya ce in ba da labarin in dai na canza suna. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin da ke tura manyan kwale-kwalen hatsi a kogin Paraná, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya rage daga shi sai 'yarsa Griselda. Ita ta turo shi, bayan ta ce ba za ta sake kai masa jikoki ba muddin yana yi musu tsawa kamar ma'aikatan jirgi. Watannin farko ba abin da yake faɗa wa Nélida sai zurfin ruwa da inda yashi ke taruwa. Ita kuma ta saurara, har ta iya sunayen tsibirai. Sai a 'yan watannin nan ya fara ambaton matarsa.

Mako na gaba ta gaya masa. Yadda ta ba mu labari, ya saurara har ta gama, ya tashi ya sa hularsa, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Likita," ya fita, ko rabin lokacinsa bai ci ba. Ganawarsu ta ƙarshe kafin aikin, bai zo ba.

"Dogo, ka riƙe masa Talatarsa, ranar zuwansa," in ji ta ranar da take kwashe 'yan kayanta. "Na riga na gaya masa ɗakinka ne a ƙurya. In ya tambayi jikina, ka faɗa masa abin da ka sani."

"Me ya sa ni? Ga Tsoho sa'ansa."

"Zagi zai yi. Kai ka saba."

Aka yi mata aiki a farkon Mayu. Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba Kyaftin. Na kira shi sau ɗaya, bai ɗauka ba, na bar saƙo cewa lokacinsa yana nan, ba wanda za a ba. Kowace Talata in lokacin ya yi sai in bar ƙofata a buɗe in zauna ina karatu. Ana cikin haka wata rana na ji an buga ƙofar waje da tafin hannu, kamar ba ƙararrawa a jikinta.

Gajere ne kakkaura, fatar wuyansa duk rana ta dafa ta. Ya biyo ni ta zaure, ya tsaya a ƙofar Nélida da ke rufe ya dube ta, sannan ya ƙaraso. Na nuna masa kujera, bai zauna ba.

"Kai ne ɗan benci?"

"Ni ne, Kyaftin."

"An ce da usur kake busawa."

"Na busa."

"To uwarka ta sha zagi."

"Har ta saba. In Lahadi ta wuce kunnenta bai yi ƙaiƙayi ba, sai ta kira ni ta ji ko lafiya."

Gefen bakinsa ya motsa kaɗan, ya mayar da shi. Ya zauna a bakin kujerar, hular tana kan gwiwarsa.

"Mutuwa za ta yi?"

Akwai amsar da aka koya mana a makaranta, wato ka mayar wa mutum tambayarsa, ka ce me ya sa wannan ya zo masa a rai. Har ta zo bakina. Na dube shi na ga in na faɗe ta, ba zan sake ganinsa ba, kuma da gaskiyarsa.

"Ban sani ba," na ce. "An yi aikin, an cire ƙarin, tana gida. Yanzu za a fara gashi. Sauran ko likitocinta ba su sani ba tukuna. Ni ma tambayar da nake kwana da ita ke nan."

Ya zuba min ido. Sai na ga wuyansa yana ƙara ja.

"To wa ya aike ta ta gaya min? Ni na zo nan in sauke kaya, ita kuma ta ɗauki nata ta ɗora min. Da ta ce za ta tafi hutu, ko za ta je ganin 'yar'uwarta, me zai ragu a jikinta? Likitan kirki ba ya haka. Ku duka gidan nan ba ku san aikinku ba. Ungozoma da mai usur da wancan tsohon da ke tafiya kamar agwagwa."

Ya ci gaba a haka na ɗan lokaci. Ban katse shi ba. Da ya gama ya tashi ya sa hula. Na ce masa Talata tana nan. Ya ce in jiƙa ta in sha.

Alhamis ɗin nan mu biyu ne a kicin. Na ba Osvaldo labari, har da maganar agwagwa, wadda ta sa shi dariya har da tari. Sannan na faɗi abin da ke damuna: anya Nélida ba ta yi kuskure ba? Mutumin nan da ƙyar ya fara sakin jiki.

"Mai yiwuwa ta yi," in ji shi. "Sai me? Wanda bai taɓa ɓata wa majinyacinsa rai ba, bai matso kusa da shi ba ne. Ai ya zo ya faɗa. Da gida ya zauna ya haɗiye, shi ne abin tsoro. Kai me ka ji lokacin da yake faɗan?"

"Haushi. Ji na yi kamar in ce masa, matar nan tana kwance ko ruwa da ƙyar take haɗiya, kai kana ta kanka."

"To ka adana shi, kar ka zubar. Ina jin haka 'yarsa take ji duk ranar Lahadi." Ya cika ƙoƙon ya miƙo min. "Amma ka tambayi kanka, mutumin da bai damu ba, zai ratso gari a wannan sanyin don ya zage ka?"

A ƙarshen mako na je gaida Nélida. Ta rame, wuyanta a naɗe, muryar sai ka kai kunne. Mijinta Aldo yana ta shiga da fita da kofuna. Ba ta tambaye ni kowa ba sai da na tashi tafiya, sannan ta kai hannu goshi ta sara kamar sojan ruwa, ta ɗaga gira.

"Ya zo," na ce. "Ya ce ba mu san aikinmu ba."

Ta lumshe ido ta gyaɗa kai, kamar wadda aka ba labari mai daɗi.

Talatar da ta biyo ya dawo, da wani abu a naɗe cikin jarida a hammatarsa. Ya ajiye min a kan tebur, ƙarni ya cika ɗakin. Ƙaton kifin boga ne, ya ce da asuba ya karɓo shi daga hannun masunta.

"Ka kai mata."

"Na gode, Kyaftin. Sai dai ba ta iya haɗiye abu mai ƙarfi yanzu."

"To romo za a yi. Ka gaya wa mijin kada ya yar da kan, a nan daɗin yake. Wuta kaɗan kaɗan, ban da lemun tsami, zai ƙona mata wuya. A tace da kyalle saboda ƙaya." Ya harare ni. "Ka riƙe ko sai na maimaita?"

Na kai kifin firij na dawo. Wannan karon ya zauna sosai, har ya jingina.

"Zan gaya maka wani abu," na ce. "Wancan makon ka ba ni haushi. Na ga kamar ba ka damu da ita ba, kanka kawai ka sani. Yau ga ka da kifi. Sai na gane ban fahimce ka ba, kuma ina so in fahimta."

Na zaci zai tashi. Ya daɗe yana juya hularsa.

"Kai aƙalla kana faɗa," in ji shi. "Griselda sai dai ta tattara yara ta tafi."

Daga nan ya ba ni labarin da ko Nélida bai ba ba. A tsibiri ya tashi, ubansa masunci ne. Yana ɗan shekara tara aka sa mahaifiyarsa a kwale-kwale da bargo, aka ce masa za ta je wurin gwaggonsa a Santa Fe ta huta. Kullum in jirgin fasinja zai wuce sai ya je bakin ruwa ya tsaya. Damina ta wuce, ruwa ya ja baya, yana zuwa. Uban yana ganinsa, bai ce komai ba. Wata rana matar mai shago ta shafa kansa ta ce Allah ya jiƙan uwarka, yaron kirki. A haka ya ji.

"Har yau ban san ranar da ta mutu ba," in ji shi. "Ban taɓa tambayar tsohona ba, shi ma bai taɓa ɗagowa ba. Muka ci gaba da ɗinkin koma."

"To amma Nélida ta gaya maka gaskiya, kuma ita ce ta ɓata maka rai."

"Ƙarya na san yadda ake zama da ita. An ce maka hutu, ka ce to, kowa ya kama gabansa. Wannan fa? Mace ta dube ka ta ce ina da ciwo, ina jin tsoro kaɗan, zan yi ƙoƙari in dawo. Me ake cewa? Ina ake sa hannu? Ba wanda ya koya min."

"Kifi ake kawowa," na ce.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya kalli taga, inda bishiyar lemun tsakar gida take, ya daɗe. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Kafin bikin Ista likitan zuciya ya ce wata ƙofa a zuciyata ta lalace, sai an buɗe ƙirji an canza. An sa rana a watan Agusta. Ban gaya wa kowa ba. Ranar da Likita ta faɗi nata, da nawa na zo a baki, sai ta riga ni."

"Griselda fa?"

"Na ce mata zan je kamun kifi tsibiri, mako biyu, ba waya a can. In na fito, na fito. In ban fito ba, asibiti za su kira ta. Me zan ɗaga mata hankali a kai? Ga yara, ga aiki."

 Maganar ta taɓa ni, na bar shi ya ga hakan a fuskata.

"Kana so in faɗi abin da ya zo min?"

"Ko na ce a'a za ka faɗa."

"Tausayinka na ji, kana ɗauke da wannan kai kaɗai tun Ista. Sannan na hango Griselda tana gaya wa yara kakansu ya tafi kamun kifi."

Ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ƙeta ce, bugun ƙasa da ɗamara ne, da a fili ne da ni za a ba jan kati. Ya ce uban nasa mutumin kirki ne, ya yi abin da ya ga ya dace. Na ce ban musa ba, kuma shi ma don ƙauna yake yi, na sani. Ya tsaya a bakin ƙofa yana huci.

"Ban da lemun tsami," in ji shi, ya fita.

Bai yanke shawara a makon ba, ko na bayansa. Ya ci gaba da zuwa. Wata rana mu yi maganar, wata rana ya koma kan yashi da tsibirai, ni kuma in bi shi, domin na lura daga can yake ɗebo ƙarfin dawowa. Sau ɗaya ya tambaye ni ko na taɓa jin tsoro a fili. Na ba shi labarin ranar da 'yan kallo suka kewaye ɗakin canza kaya a wani ƙauye, na fita ta taga da gajeren wando. Ya ji daɗin labarin nan fiye da kima. Na kuma isar masa da saƙon Aldo cewa romon ya shiga, an sha kwano biyu.

A tsakiyar Yuli ya ce, "In na gaya mata a gida, tsawa zan yi. Na san kaina. Ana iya kawo mutum nan?"

Na ce ana iya.

Griselda ta zo daga wurin aiki da rigar kantin magani a ƙarƙashin kwat ɗinta. Mace ce mai kama da shi, har yadda take zama a bakin kujera. Ta gaishe ni a taƙaice, ta dubi uban.

"To, Baba, ga ni. Me na yi kuma?"

Ya fara da cewa bana ruwa ya yi ƙasa sosai, rabon da a ga haka an daɗe. Ya ce jiragen hatsi ba sa iya cika kaya. Ta dube ni, na yi mata alama ta ɗan jira. Ya kai har tashar San Lorenzo, sannan ya tsaya, ya dubi hularsa, ya faɗe shi a dunƙule kamar mai ba da umarni: zuciya, ƙofa, aiki, Agusta, ba kamun kifi ba ne.

Ta dube shi. Sannan ta buɗe jakarta ta rufe, ba ta ɗauki komai ba.

"Baba, a kantin magani nake aiki. Tun watan Mayu na ga kwalayen maganinka a bayan gwangwanin shinkafa. Ka ɗauka ban san na mene ne ba?"

"To me ya hana ki magana?"

"In yi magana ka ce ina maka bincike? Jira nake in ga ko za ka ɗauke ni mutum. Da ka ce min kamun kifi, a mota na zauna na yi kuka kafin in iya tuƙi. Na kira asibitoci, ba wanda ya yarda ya gaya min komai."

"Ba na so in ɗora miki ne."

"Ka ɗora min tun tuni. Ka dai hana ni in ce ya yi nauyi."

Ya buɗe baki, na ga tsawar ta taso har wuya. Ya dube ni. Na gyara zama na fuskance shi. Ya sauke numfashi.

"Tsoro nake ji, 'yar nan," in ji shi. "Shi ke nan. Ban san yadda ake faɗa ba."

"Ai ka faɗa," in ji ta. Ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta karɓi hular daga hannunsa ta ajiye a kan tebur, ta riƙe hannun.

Sauran lokacin tambayoyi ta yi ta jero masa, wane likita, wace rana, wa zai kwana da shi. Da suka fita ina jin su a zaure suna gardamar wanda zai tuƙa mota.

Aka yi masa aiki a Agusta. Griselda ta kira ni daga asibiti ta ce ya farka, kuma har ya gaya wa ma'aikaciyar jinya ba ta iya ɗaurin igiya ba.

Nélida ta dawo a ƙarshen Satumba, itatuwan layinmu sun fara fure. Ta sa ɗan gyale a wuya, muryarta ta zama ta mai shan taba, kuma ba ta iya yin magana mai tsawo sai da kofin ruwa a gefe. Gwajin farko ya fito da kyau. Za a ci gaba da dubawa duk bayan 'yan watanni, ta ce ta karɓa a haka. Osvaldo ya sayo kek, ya yi jawabin da bai kai ƙarshensa ba.

Kyaftin ya zo bayan ta da 'yan makonni, yana tafiya a hankali, ya zube kamar an rage masa iska. Ɗakina ya fara leƙowa.

"Ɗan benci, mai wurin ta dawo."

"Na sani, Kyaftin. Na ji daɗin zama da kai."

"Kai ma ba laifi," in ji shi. Ya miƙo hannu, ya riƙe nawa ya ɗan jima. "Gwiwar nan taka, ka daina hawa bene da ita kamar yaro."

Ya shiga wurin Nélida ya rufe ƙofa. Bangon gidan nan mai kauri ne, ba a jin magana, amma can na ji muryarsa ta ɗaga, ta daɗe a sama, sannan ta sauka.

Ranar Alhamis ta ba mu labari. Ya ce mata ta yi daidai da ta faɗa, amma yadda ta faɗa bai yi ba: a gurguje, tana kallon agogon bango, kamar mai sanar da tashin jirgi, ba ta ko tambaye shi da me ya zo ranar ba.

"Kuma gaskiyarsa ne," in ji ta. "Tsoron fuskarsa nake ji, shi ya sa na yi sauri. Na gaya masa haka, na ba shi haƙuri."

"Me ya ce?" Osvaldo ya tambaya.

"Ya ce bai taɓa jin likita ya ba da haƙuri ba, bai san me ake yi da shi ba. Na ce ya tafi da shi gida, mako mai zuwa ya gaya min." Ta kurɓi ruwa. "Sannan ya buɗe maɓallin riga ya nuna min ɗinkinsa, wai nasa ya fi nawa tsawo."

Muna cikin dariya wayar gidan ta yi ƙara. Osvaldo ya je ya ɗauka, ya jima, ya dawo yana goge tabarau. Griselda ce. Ta ce ta ga abin da zaman nan ya yi wa ubanta, ita ma tana da nata kayan, ko akwai mai wuri a cikinmu.

"Me ka ce mata?" in ji Nélida.

"Na ce mu uku duk mun san ubanta da yawa, ita kuma ta cancanci ɗakin da yake nata ita kaɗai. Na haɗa ta da Irupé, wadda na koyar, tana can kusa da kantinsu. Ta ce gobe za ta kira ta."

Nélida ta miƙa hannu ta ɗauki empanada ta farko tun dawowarta, ta gutsuri kaɗan, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Muka zuba mata ido. Ta ce mu daina kallonta kamar jaririya, Dogo ya tashi ya buɗe ƙofar waje, mutanen ƙarfe biyu sun kusa isowa. Na tashi na buɗe.